Kafin Ka Yarda Cewa Rayuwa Ta Gyaru, Ga Yadda Za Ka Auna

Ranar 6 ga Afrilun 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a ƙarƙashin Dokta Yemi Kale, ta sanar da cewa arzikin da Nijeriya ta samar a shekarar 2013 ya kai kimanin dala biliyan 510. Kafin wannan rana, lissafin da ake riƙe da shi bai wuce biliyan 270 ba. A wuni guda ƙasar ta sha gaban Afirka ta Kudu, ta zama ta ɗaya a nahiyar. Ba a haƙa sabuwar rijiyar mai ba, ba a buɗe wata masaƙa ba, kuma wanda ya kwana da yunwa ran biyar ga wata da ita ya kwana ran bakwai.

Hukumar ba ta yi ƙarya ba. Tun 1990 ba a sabunta ma'aunin ba, kuma a waccan shekara babu wayar salula a hannun jama'a, sana'ar fim ba ta kai ta kawo ba, harkar banki ba ta yi faɗin da ta yi daga baya ba. Da aka mayar da shekarar lissafi zuwa 2010, sai dukiyar da tun da can tana nan ta shiga littafi. Ghana ma ta yi haka a 2010, lissafinta ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, adadi yana iya zama gaskiya tsantsa, amma ya kasa gaya maka komai game da halin da gidanka yake ciki. Irin waɗannan alƙaluma kuwa kullum muna jin su, a rediyo, a bakin gwamna, a bakin ɗan adawa, kuma da su ake neman ƙuri'armu. Ya kamata mu iya tambayarsu.

Ka fara da sanin abin da aka ƙirga. Wannan ma'auni da 'yan jarida ke kira GDP jimillar kuɗin kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa ne cikin shekara guda: hatsin da aka noma, man da aka haƙo, simintin da aka sarrafa, kuɗin mota, aikin malami, ɗinkin tela. Simon Kuznets, masanin da ya tsara wa majalisar dokokin Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934, tun a wannan rahoto ya yi gargaɗi kada a ɗauki adadin a matsayin ma'aunin jin daɗin jama'a. Ba a cika tuna gargaɗin nasa ba.

Dubi abin da ke faɗuwa waje. Matar da ta wuni tana girki da wanki da raino da jinyar surukarta ba ta ƙara ko kwabo a wannan lissafi ba, amma da za a ɗauki 'yar aiki a biya ta, nan take aikin ya zama arzikin ƙasa. Itacen da aka sare aka sayar yana shiga, dajin da ya ƙare ba a cire shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinari a cikin gidaje. Zinarin yana da farashi a kasuwa. Yaran da suka mutu da waɗanda gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu ba su da gurbi a wannan lissafi. Haka kuɗin da magidanci ke kashewa kan janareto saboda rashin wuta, da na 'yan ga-ruwa saboda famfo ya ƙafe, da na maigadi da ƙofar ƙarfe saboda tsoron ɓarayi: duk ciniki ne, duk suna ɗaga adadin, alhali alamun wahala ne. Saboda haka idan aka ce maka tattalin arziki ya bunƙasa, ka tambaya wane ɓangare ne ya bunƙasa. Bunƙasar noma da ƙananan sana'o'i tana taɓa miliyoyin gidaje. Bunƙasar haƙar mai ko ribar bankuna tana iya wucewa ta saman kawunan mutane, don hannayen da ke aiki a can kaɗan ne.

Daga nan sai ka raba da yawan bakin da za su ci. Nijeriya ta fi Ghana girman tattalin arziki nesa ba kusa ba, amma mutanenta sun ninka na Ghana fiye da sau shida, don haka girman jimilla kaɗai ba hujja ba ce. Ga wani lissafi mai sauƙi da za ka iya yi a ka: ka cire saurin ƙaruwar jama'a daga saurin bunƙasar da aka sanar. A 2016 tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 1.6 cikin ɗari, a 2017 ya ƙaru da 0.8, a 2018 da 1.9, a 2019 da kimanin 2.2. A duk waɗannan shekaru jama'a na ƙaruwa da wajen kashi biyu da rabi. Ma'ana, shekara huɗu a jere rabon kowane mutum yana raguwa, ko da yake a uku daga ciki an yi ta shelar ci gaba. A Nijar abin ya fi tsanani, domin jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi uku cikin ɗari a shekara, sai bunƙasa ta haura haka kafin a ce an matsa daga inda ake. Ka kuma tuna cewa rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mutum miliyan 140 ne. Duk adadin da ake raba arzikin da shi yau hasashe ne.

Wurin da aka fi ruɗa mutane shi ne kuɗi da farashi, kuma nan zan fi tsayawa.

Ɗauki mafi ƙarancin albashi. A 2011 naira 18,000 ne, a 2019 ya koma 30,000, a Yulin 2024 ya zama 70,000. A takarda ya ninka kusan sau huɗu. To, mayar da shi kaya. A farkon 2023, lokacin da litar fetur take wajen naira 190, albashin 30,000 zai sayi lita ɗari da hamsin da 'yan kai. A ƙarshen 2024, da lita ta kai naira dubu ko fiye, albashin 70,000 bai wuce lita saba'in ba. Kuɗin ya ƙaru, abin da yake saya ya ragu da fiye da rabi. Wannan shi ne babban makamin da nake so ka riƙe: duk adadin kuɗin da aka ba ka, ka tambayi nawa zai saya na abin da ka sani, mudun masara ne ko kwalbar manja ko kuɗin motar zuwa aiki. Idan kana kwatanta shekara da shekara, ka tabbata an cire tasirin hauhawar farashi. Gwamnatin da ta ce kuɗin shigar jiharta ya ninka cikin shekara uku tana iya faɗin gaskiya, amma idan farashi ma ya ninka, tana nan inda take.

Akwai wani tarko a cikin labarin hauhawar farashin kansa. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A Janairun 2025 ta ce 24.48 ne. Kaya ba su sauka cikin wata guda ba. An sabunta kwandon kayan da ake aunawa da shekarar da ake kwatantawa da ita, abin da ya dace a yi, amma bai halatta a jera adadin biyu a ce an samu sauƙi ba. Ko da an samu saukar gaske, saukar hauhawar farashi tana nufin kaya na ci gaba da tashi, sai dai tashin ya rage gudu. Mutane da yawa na jin an ce hauhawa ta sauka, su je kasuwa su tarar ba haka ba, sai su yanke cewa duk lissafin ƙarya ne. Rashin bayani ne ya jawo.

Sai batun dala. Idan za a kwatanta ƙasa da ƙasa, akan mayar da kuɗin kowacce zuwa dalar Amurka, kuma nan canji yake wasa da hankali. A Yunin 2023 aka saki naira, ta tashi daga wajen 460 kan dala guda, a 2024 ta haura 1,500. Nan da nan Nijeriya ta faɗo daga ta ɗaya a Afirka zuwa ta huɗu a lissafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya. Gonaki ba su ragu da rabi ba, ma'aunin ne ya motsa. Mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin wannan. Sefa ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka da naira ta karye, ɗan kasuwar Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya tarar kayan Jibiya da Illela sun yi masa araha, ba don gonarsa ta ƙara yabanya ba.

Maganin da masana suka samo shi ne su auna ƙarfin saye. Bankin Duniya yana jagorantar wani shiri da ke tattara farashin kaya iri ɗaya a ƙasashe, aski da burodi da haya da kuɗin mota, sai a ga nawa ake buƙata a kowace ƙasa a sayi abin da dala guda ke saya a Amurka. A wannan ma'auni tattalin arzikin Nijeriya ya haura dala tiriliyan ɗaya. Da shi ne kuma ake zana layin talauci na duniya, wanda ya kasance dala 2.15 a rana kafin a ɗaga shi zuwa dala 3 a 2025. Kada ka buga wannan dala uku da canjin kasuwar Wapa, domin dalar ƙarfin saye ce, ba ta ɗan canji ba.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga matashin da aka yi wa tayin aiki a Legas ko Abuja ko Jidda. Kada ka mayar da albashin zuwa naira ka kwatanta da na Gusau, zuciyarka ta tashi. Ka nemi wanda ke zaune a can ka tambaye shi haya, da kuɗin mota kullum, da abincin wata, da kuɗin takardun zama idan ƙasar waje ce, da abin da za ka biya ranar da ka kwanta ciwo ba dangi kusa. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne albashinka na gaskiya, kuma shi za ka kwatanta da abin da ke rage maka a gida.

Ko an raba da yawan jama'a, an kuma gyara farashi, matsakaicin rabo yana ɓoye abu mai yawa. A ce mutum tara ne zaune a majalisa, kowa na samun naira dubu hamsin a wata, sai attajiri mai samun miliyan goma ya zo ya zauna. Matsakaicin samun majalisar ya haura miliyan ɗaya, amma aljihun mutum taran bai canja ba. Haka Ikwatoriyal Gini take. Tun tsakiyar shekarun 1990 take haƙo mai, jama'arta ba su kai miliyan biyu ba, har Bankin Duniya ya taɓa sanya ta cikin ƙasashe masu babban kuɗin shiga, amma tsawon rayuwar ɗan ƙasar bai yi nisa da shekara 60 ba. Don haka ka nemi adadin mutumin tsakiya, wato wanda rabin jama'a sun fi shi, rabi kuma ya fi su. Ka kuma tambaya nawa ne ke zama a ƙasar daga abin da aka samar. Yuraniyom ɗin Arlit da man Agadem, wanda tun 2024 ake tura shi ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin, duk suna cikin arzikin da Nijar ta samar, amma rabon kamfanonin waje yana fita. Ma'aunin kuɗin shigar 'yan ƙasa shi ke cire abin da ya fita ya ƙara abin da ya shigo, kuma ya fi kusa da gaskiya a ƙasashen da ke dogaro da ma'adinai.

Saboda waɗannan giɓi ne Mahbub ul Haq na Pakistan, tare da Amartya Sen na Indiya, suka fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ke wallafawa tun 1990. Yana haɗa tsawon rai, da shekarun karatu, da kuɗin shiga bisa ƙarfin saye, ya ba da maki tsakanin sifiri da ɗaya. Nijar da Chadi da Sudan ta Kudu sun daɗe a ƙasan jerin. Jihar Kerala ta Indiya ita ce misalin da aka fi kawowa na ɗaya gefen: ba ta cikin wuraren da suka yi fice da masana'antu, amma a ƙidayar 2011 kusan kashi 94 cikin ɗari na mutanenta sun iya karatu, kuma a yanzu jariran da ke mutuwa ba su kai goma cikin dubu ba. Sai dai shi ma wannan ma'auni matsakaici ne, kuma yana ƙirga shekarun da yaro ya yi a aji, ba abin da ya koya ba. Duk mun san yaran da suka gama firamare ba su iya haɗa baƙi ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken talauci ta fuskoki da dama da hukumar ƙididdiga ta fitar a Nuwamban 2022. Maimakon tambayar kuɗi kawai, an duba ruwan sha, da makewayi, da makamashin girki, da nisan asibiti, da zuwan yara makaranta, da abinci, da aikin yi, da tsaro. An samu mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, cikin talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A karkara kashi 72 ne, a birni 42. Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91, Ondo ce ta ƙarshe da 27. Ta biyu a jerin ita ce Bayelsa, jihar da ke zaune a kan mai, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin da ke shiga asusun gwamnati daban, rayuwar gida daban. Binciken ya rarraba sakamakonsa har zuwa mazaɓun sanatoci 109, don haka kana iya neman na yankinka ka je da shi gaban wanda ke wakiltarka.

Da za a ce in zaɓi adadi guda in bar sauran, mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar zan zaɓa. Kafin yaro ya kai biyar sai an samu abinci, da ruwa mai tsabta, da rigakafi, da unguwarzoma ko asibiti, da uwa mai lafiya, da hanyar da mota za ta bi cikin dare. Attajiri guda ba ya iya ɗaga wannan adadi kamar yadda yake ɗaga matsakaicin kuɗi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin dubu ne ke mutuwa kafin shekara biyar a Nijeriya, amma a Arewa maso Yamma 187 ne, a Kudu maso Yamma kuwa 62. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, tuta ɗaya, amma yaron da aka haifa a Arewa maso Yamma ya ninka na Kudu maso Yamma sau uku a haɗarin mutuwa. Ina ganin duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Arewa ya kamata a tambaye shi wannan adadi na jiharsa, da abin da zai yi a kai.

Da adadin marasa aikin yi kuwa, ka yi hattara. A ƙarshen 2020 an ce kashi 33.3 ne, a farkon 2023 aka ce 4.1. An canja ma'anar aiki ne zuwa ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda wanda ya yi aikin awa guda a mako don samun kuɗi ake ƙirga shi cikin ma'aikata. A ƙasar da talaka ba shi da halin zama ba ya yin komai, wannan adadi ba ya faɗin da yawa.

Ban ce a watsar da lissafin arzikin ƙasa ba. Babu asibiti ko makaranta ko titi da za a gina sai da dukiyar da aka samar, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa bunƙasar Sin ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara arba'in. Ƙasar da samarwarta ba ta ƙaruwa, rabon talauci kawai za ta yi. Shi ma'aunin yana amsa tambaya guda, nawa aka samar. Sauran tambayoyin sai ka kai su wani wuri.

Kana kuma iya yin naka ma'aunin a gida, da littafin rubutu na ɗan makaranta. Ka zaɓi kaya kamar goma da gidanka ba ya rabuwa da su: masara ko gero, shinkafa, wake, mai, sabulu, gawayi ko gas, kuɗin mota, maganin zazzaɓi, kuɗin makaranta. Ranar ɗaya ga kowane wata ka rubuta farashinsu, a kasuwa ɗaya, da mudu ɗaya, domin tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Ka rubuta abin da ya shigo gidan a watan, har da na ƙosan uwargida da kitso da kiwon da aka sayar, kuma ita ta fi ka sanin farashin cefane, don haka ku yi tare. Sai ka raba, ka ga kwana nawa na aikinka ke sayen kwandon. Idan bara kwana goma sha takwas ne, bana ashirin da uku, rayuwa ta yi baya ko da albashi ya ƙaru. Manomi ya auna da buhu: buhun masara nawa zai sayar ya sayi buhun taki guda, bara da bana.

A shafi na gaba ka rubuta abubuwan da ba na kuɗi ba. Awa nawa ake samun wuta a rana, minti nawa ake yi kafin a ɗebo ruwa, sau nawa aka kwanta ciwo kuma an samu magani ko ba a samu ba, ko yaron da ke aji huɗu zai iya karanta maka wasiƙa, ko an iya zuwa gona mai nisa a bana, ko an ci bashi don a ci abinci. Wajen kwatantawa, ka haɗa kaka da kaka, bazara da bazara, domin hatsi yakan yi araha bayan girbi ya yi tsada a tsakiyar damina, kuma wanda ya kwatanta Nuwamba da Yuli zai ga canjin da yanayi ne ya kawo shi. Idan ku biyar ko goma ne a unguwa kuke riƙe da irin wannan littafi, ku haɗa sakamakon sau ɗaya a shekara, ku kai wa kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, ku ajiye kwafi don shekara mai zuwa.